Iskar da Ke Cikin Jinin Talatu

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya san wannan labari tun ina ɓoye shi. Sunana Habu. Gyaran injin ban ruwa nake yi a wani ƙauye cikin fadama, gabas da Haɗeja, ta wajen Kirikasamma. Karatuna bai wuce firamare ba, amma a gidanmu ni ne ɗan boko. Ni ake kira in an kawo kwalbar magani mai rubutu, ko in baƙo ya zo da Turanci. Wannan suna shi ya kusa kashe matata. Na rubuta ne saboda wanda zai yi jinyar wani a asibiti, ya ga ramin da na faɗa ya kauce masa.

Abin ya faru 'yan shekaru bayan an ba mu jihar Jigawa, a wata damina da kogi ya cika har ya shanye hanyar mota. Matata Talatu tana da tsohon ciki, ga yara biyu a gabanta. Sana'arta bandar kifi, kullum tana cikin hayaƙi, don haka tari ba baƙo ba ne a wajenta. Da ruwa ya shiga gonar geronmu, ta matsa sai ta bi ni a jirgi mu yanko abin da ya saura. Ta miƙa hannu za ta kamo zangarniya, jirgin ya karkata, ta faɗa. Ruwan bai wuce ƙirji ba, sai dai ta sha ta shaƙa. Na jawo ta muna dariya, har na ce mata ta yi wa ɗan cikinta wankan farko.

Makon farko zazzaɓi ne da rawar sanyi. Ta ce haƙarƙarinta na dama kamar ana soka mata tsinke in ta ja numfashi. Ranar kasuwa na sayo mata ƙwayoyi a wajen mai kemis, na ce zazzaɓin damina ne, kowa ma ya yi. Ina da injuna biyu na mutane a kwance a zaure, hankalina yana can.

A mako na biyu numfashinta ya koma kamar na wadda ta yi gudu. Ba ta iya kwanciya sai a jingine. Leɓɓanta suka yi duhu kamar ta sha ɗinya. Sai kuma ta fara magana da mahaifiyarta da ta daɗe da rasuwa, tana cewa a ba mutanen da ke jikin bango tabarma su zauna.

Nan Gwaggo Fanta ta shigo cikin maganar. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta raine ni, ban taɓa musa mata ba. Ta dubi Talatu, ta dube ni.

"Habu, a ina ta faɗa?"

"Ta wajen tsohuwar giginyar nan."

"Da wane lokaci?"

"Da tsakar rana."

Ta tafa hannu. "Kai da bokonka ba ka san komai ba. Mai ciki, da tsakar rana, a gindin giginya? Iska ce. Masu ruwa ne suka shige ta."

Ta rufe ƙofa da taga, ta zuba tazargade a kaskon garwashi, ta lulluɓe Talatu da bargo. Talatu ta yi tari har ta yi amai. Gwaggo ta ce su ne suke jin zafi. Ina tsaye a bakin ƙofa. Ban gaskata duka ba, ban kuma hana ba. Gaskiyar magana, hayaƙi ya fi asibiti sauƙi, hanya kuma a yanke take, sai na bar uzurin hanya ya rufa mini asiri.

Yayan Talatu, Yaya Sale, shi ya zo daga Birniwa ya ga halin da take ciki. Bai zauna ba ma.

"Habu, in ba za ka kai ta asibiti ba, ba ni 'yar'uwata in kai ta."

Kunya ta sa na tashi. Da asuba muka shimfiɗa mata tabarma a jirgi, muka ratsa ciyawar kacalla muna turawa da gora har muka kai tudu. Lokacin ana wahalar man fetur, mun daɗe a bakin titi kafin wata a-kori-kura ta kwashe mu tare da buhunan barkono. Ku duba, mai ciwon ƙirji a kan buhun barkono. Ko wannan ban yi tunaninsa ba sai daga baya.

Ba zan faɗi sunan asibitin ba, don laifin da ke cikin labarin nan ba nasu ba ne. Amma akwai abin da zan koka da shi. Mun isa da hantsi, mai yankan kati ya tafi karin kumallo, layi ya kai bakin ƙofa. Talatu na zaune a ƙasa ta jingina da Gwaggo, babu wanda ya ce mana ku matso. Da a layin nan za ta cika. Allah ya kawo wata ma'aikaciyar jinya za ta wuce da tire a hannu, ta dubi bakin Talatu sau ɗaya, ta tsaya.

"Wane ne mijin wannan? Kai ne? Ɗauko ta. Bar kati, kati ba ya numfashi."

Ita ce Sista Rifkatu, mutuniyar Filato, ta daɗe tana aiki a Haɗeja. Hausarta irin ta can ce, mace da namiji duk "ya" take ce musu, kuma a ranar har na yi mata dariya a zuci.

Likitan ɗan Kudu ne, matashi, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ya sa abin sauraro a bayan Talatu, ya ɓata fuska. Sai ya sa aka ɗauko wata 'yar na'ura kamar ƙaramin rediyo. An ce da kuɗinsa ya sayo ta a inda ya yi karatu, ita kaɗai ce a asibitin, kuma wanda ya fi kowa jin jiki ake bar wa. Tana da waya, a ƙarshen wayar akwai wani abu kamar wanda mata ke maƙale shanya da shi a igiya. Ya maƙala a yatsan Talatu. Sai na ga yatsan ya yi ja daga ciki, kamar in ka rufe tocila da tafin hannu. Na'urar ta fara ƙara a hankali tana bin bugun zuciyarta, lamba ta fito: tamanin da 'yan kai.

Likita ya tambaya ko akwai mai jin Turanci. Sista ta buɗe baki za ta fassara, Gwaggo ta tura ni gaba.

"Ga ɗan bokonmu nan."

Na ce, "Bari kawai, Sista, ina ji."

Wannan kalma ita ce farkon laifina. Likita ya yi bayani mai tsawo, yana nuna yatsa, yana nuna ƙirji, yana nuna cikin. Abin da na tsinta bai wuce kalmomi uku ba: jini, fitila, iska. Akwai wata da ya yi ta maimaitawa, oksijin, ban taɓa jin ta ba. Da ya gama ya tambaye ni ko na gane. Yaya Sale na kallona, Gwaggo na kallona. Na amsa da Turanci cewa na gane sarai.

Suka kawo wata doguwar tukunyar ƙarfe, suka sa wa Talatu siririyar roba a hanci, suka ɗaura mata ƙarin ruwa da allurai. Sista za ta fita ta waiwayo, kamar jikinta ya ba ta.

"Malam Habu, wannan abin iskan da ke cikin jininta yake aunawa. Fitila biyu ne a ciki. Ɗaya ja, kana gani. Ɗaya ido ba ya gani. Suna ratsa yatsa. In lamba ya sauka, ka kira ni maza-maza. Ka ji?"

Na ce na ji.

A baranda suka tsare ni. Na maimaita musu maganar Sista kamar daga bakin likita na ɗauko ta. Gwaggo ta daki cinya.

"Me na ce muku? Iska a cikin jini! Ashe su ma Turawa sun sani. Kuma kun ji, fitilar da ido ba ya gani. To ai sai abin da ido ba ya gani ne zai ga abin da ido ba ya gani."

Ni kuwa ban ɗauke ta iskar Gwaggo ba, na ɗauke ta iskar da na sani a sana'ata. Duk mai injin ban ruwa ya san in iska ta shiga tiyo, inji zai yi ta ruri ba ya jan ruwa, sai an ɗura ruwa an kore ta. Na ce musu haka jikin mutum yake. Na ce ko allura za a yi, ba ku ga ana ɗaga ta sama a fesar da iskar ba? Iska a jini ita ce cutar. Lambar nan yawanta take nunawa, ranar da ta sauka an warke, shi ya sa Sista ta ce a kira ta.

Yaya Sale ya ce, "To robar hancin fa?"

Ban sani ba. Amma bakina ya riga ya yi zafi. "Zuƙo iskar take yi, tana tarawa a tukunya."

Ya gyaɗa kai. "Allah ya yi wa boko albarka." Da jin haka hankalinsa ya kwanta, washegari ya koma wajen shanunsa ya bar mini amanar ƙanwarsa.

Ni da Gwaggo kowa da iskar da yake nufi, amma mun haɗu a kan abu ɗaya: a fitar da ita.

Makon farko a asibiti wahala ce zalla. Tukunyar daga Kano ake kawo ta, ba ta daɗewa ta ƙare, kuma kowace sai an biya. Awakin Talatu suka tafi, kwanonin jerenta suka bi su. Wani magani ba a samu sai a kemis na bakin kasuwa, in ka je an rufe, in ka dawo an ce ba shi ba ne. Muna kwana a baranda, sauro na rabon mu. A gefe guda kuma, Sista Rifkatu kan zo da kunun gyaɗa daga gidanta a fulas ta ba Talatu da cokali, abin da ba aikinta ba. Ta taɓa miƙo mini kofi, na karɓa na ajiye har ya huce ban sha ba. Ta gani, ta ɗauke kofinta ta wuce.

Rigimarmu ta farko a kan kasko ce. Gwaggo ta shigo da garwashi a ƙarƙashin mayafi za ta yi hayaƙi. Sista ta fizge kaskon ta yi waje da shi.

"Mama, kina so ki ƙone mu duka? Wuta kusa da wannan tukunya? Ɗakin nan gaba ɗaya zai tashi!"

Gwaggo ta ce, "Wannan yarinya ba ta son a sallame mu."

Ana haka na lura da abu biyu. Na farko, tun da aka sa robar, lambar ba sauka take ba, hawa take, daga tamanin ta shiga casa'in. Na biyu, wata rana robar ta zame ina gyara ta, na kai ta kusa da kumatuna, sai na ji tana huro iska. Ba zuƙa take ba. Hurawa take.

A nan Allah ya buɗe mini ƙofa. Bayanina ya rushe a gabana, abin da ya rage in taka in je in ce, Sista, ranar nan ƙarya na yi, ban ji Turancin likita ba, ki yi mini bayani da Hausa. Ɗakinta na nan a ƙarshen baranda, ina ganin ƙofar. Sai na tuna na ce mata "bari, ina ji". Na tuna Yaya Sale ya sa wa bokona albarka. Na zaɓi in ce asibiti ne ya yi kuskure, ba ni ba.

Wani mai jinyar mahaifinsa da muke kwana baranda ɗaya ya ƙara mini ƙarfi. Ya ce, "Malam, su fa tukunya suke sayarwa. In ta warke wa zai saya?" Maganar banza ce, amma ta zo daidai da abin da zuciyata ke nema. Na gaya wa Gwaggo abin da na gano.

Ta riƙe haɓa. "Mai iska ake ƙara wa iska? La'ilaha illallahu. Shi ya sa har yau take surutai."

Alhali a lokacin Talatu ta fara samun sauƙi, ta daina ganin mutane a bango, har tana tambayar yara. Wannan ma na gani, na ce maganin allura ne ke aiki duk da robar.

Ranar Juma'a ce. Maza duk sun tafi masallaci, ni na ce zan tsaya da marar lafiya. Ku ji wannan: na bar sallar Juma'a don in aikata abin da na aikata. Sista na can ɗakin haihuwa an kira ta. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa tana leƙe. Na riga na san na'urar kan yi kuka mai ƙarfi in lamba ta yi ƙasa, kuma da yake hannuna ya saba da inji, tuni na gano maɓallin da ke kashe kukan. Na danna shi. Na zare robar daga hancin Talatu na sa a ƙarƙashin matashi.

Da farko ba abin da ya faru. Sai lambar ta motsa. Gwaggo ba ta karatu, ni nake karanta mata.

"Ta bar casa'in."

"Alhamdulillahi."

"Tamanin da biyar."

"Ku fita, ku koma ruwanku."

Talatu ta buɗe ido ta dube ni. Ƙirjinta na ɗagawa da sauri, bakinta na motsi ba sauti. Ta ɗago hannun da ba waya, tana kai shi wajen hancinta. Gwaggo ta ce, "Su ne ke neman abincinsu, kar ka ji tausayi." Na kama hannun na danne shi a kan katifa. Ina ce mata, "Yi haƙuri, saura kaɗan."

Lamba ta shiga saba'in. Leɓɓanta suka koma yadda suke a gida. Idanunta suka fara juyewa. Da na ga ta faɗa sittin da wani abu, sai farin ciki ya kama ni, na tuna an ce in ta sauka in kira Sista. Na fita da gudu na same ta a baranda tana tahowa da tire.

"Sista, albishirinki! Lamba ta sauka!"

Ta tsaya cak. "Nawa?"

"Sittin da wani abu. Saura kaɗan ta ƙare."

Tiren ya faɗi. Ban taɓa ganin mace mai jiki ta yi gudu irin wannan ba. Kafin in shigo ta ture Gwaggo, ta lalubo robar, ta mayar, ta murɗe kan tukunyar har ƙarshe, tana kiran sunan Yesu tana kiran likita. Likita ya zo, suka rufu a kanta. Aka kore mu waje. Ina tsaye a rana har lokacin ban gane ba, ina cewa a raina sun ɓata mana aiki.

Bayan la'asar Sista ta fito. Idonta ya yi ja. Ta kama hannun rigata, ta ja ni ciki har gaban gadon. Talatu na kwance ba ta san inda take ba, amma tana numfashi.

"Wa ya cire?"

"Ni ne."

"Wa ya kashe ƙara?"

"Ni ne."

"Don me?"

Na fara yi mata bayanin tiyo da inji. Ba ta bari na gama ba. Ta cire abin daga yatsan Talatu ta maƙala a nawa. Yatsana ya yi ja. Lamba ta fito, casa'in da takwas.

"Karanta, ɗan boko. Karanta da ƙarfi Mama ya ji."

Na karanta.

"To ashe duk ɗakin nan ba wanda ya kai ka iska. Mama, kawo naki." Ta maƙala wa Gwaggo, ita ma casa'in da wani abu. "Ke ma suna jikinki. Sai a kawo kasko mu yi muku hayaƙi ku biyu."

Matan da ke sauran gadaje wasu suka yi dariya, wata tsohuwa ta yi salati. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Sai ta mayar wa Talatu abin, ta sassauta murya, ta yi mini bayanin da na hana ta yi tun ranar farko. Ta ce iskar da muke shaƙa akwai wani ɓangare nata da rai ke ci, shi ne oksijin ɗin da likita ke faɗa. Huhu ke karɓar sa ya ɗora wa jini, jini ya kai wa kowane nama na jiki, kamar yadda jirage ke kwasar kaya daga bakin gaɓa. Jinin da ya ɗauko kaya launinsa daban, wanda ya dawo wayam launinsa daban. Fitilun nan biyu in sun ratsa yatsa, kowane jini akwai wadda ya fi sha, da haka na'urar ke gane jirage nawa ne ke da kaya. Huhun Talatu ya cika da ruwan ciwo, kaya ba sa samun hawa, shi ya sa ake tura mata ta roba. Surutan da take yi a gida ma ƙwaƙwalwa ce ke jin yunwar iska.

"Kuma ba ita kaɗai ke ci ba," ta ce, ta ɗora hannu a kan cikin. "Wannan ba ya numfashi da hanci tukuna. Abin da uwa ya samu shi yake samu."

Duka bayanin bai kai tsawon cin tuwo ba. Da Hausar da na raina ta yi shi, kuma ko kalma ɗaya ba ta ɓace mini ba.

Talatu ta farfaɗo washegari. Amma cikin ya daina motsi. Suka yi ta saurare da abin saurarensu, suna duban juna. A cikin makon aka sa mata maganin naƙuda, ta haifi ɗa namiji ba rai. Cikakken yaro, har da gashi. Ni na ɗauke shi a hannuna cikin farin ƙyalle, ni da wasu bayin Allah da ban san su ba muka kai shi makwanci a Haɗeja. Ba shi da nauyi, amma har yau hannuwana ba su sauke shi ba.

Na sami likita na roƙi Sista ta fassara, wannan karon ban ce ina ji ba. Na tambaye shi ko ni na kashe yaron. Ya amsa da Turanci. Sista ta ce, "Ya ce ciwon kansa zai iya yin haka, tun kuna gida yaron yake wahala. Ba zai ce kai ne ba. Ba zai kuma ce ba kai ba ne." Na so ya zaɓi ɗaya. Ko wanne ya zaɓa da ya fi mini sauƙi.

Gwaggo ta koma gida kafin a sallame mu, ta ce ƙaddara ce, ba ta sake tayar da maganar ba. Ban ɗora mata laifi ba. Ita abin da ta gada ta faɗa, kuma ni da ta dogara da shi na sa mata hannu.

Sauran makonnin jinyar na yi su a kan kujera ina kallon lambar nan, yanzu da sanin abin da nake kallo. Na sayar da injina na kaina aka ci gaba da kawo tukunya. Suka riƙa rage ƙarfin iskar kaɗan-kaɗan, wata rana suka cire robar da hannunsu, lambar ta tsaya a casa'in ba ta faɗi ba. Na'urar aka ɗauke ta aka kai wa wani tsoho a ɗakin maza. Likita ya hana Talatu zaman hayaƙin banda. Da za mu tafi na je in yi wa Sista godiya, ta riga ni magana. Ta ce, "Je ka, Malam Habu. Ban gaya mata ba, ban gaya wa yayanta ba. Wannan kayanka ne, kai za ka san inda za ka sauke."

A gida sai ga wata azabar. Mata na shigowa dubiya suna cewa Talatu ta yi dacen miji, ya bar sana'a ya sayar da inji, ko Juma'a ba ya zuwa don jinya. Yaya Sale ya zo da rago, ya riƙe hannuna a gaban mutane ya ce, "Ka riƙe amana, Habu." Kowane yabo kamar ana zuba mini garwashi a riga. Na yi shiru na karɓa. Wannan ma laifi ne, na ƙara a kan na baya.

Ga abin da nake so mai karatu ya ɗauka. In likita ya yi magana ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba, ko da surukanka na tsaye. In an ce maka lamba, ka tambaya hawanta ne alheri ko saukarta. Kada ka taɓa abin da ba kai ka ɗaura ba. Mai haki da baƙin leɓe asibiti yake so tun ranar farko, ba rufaffen ɗaki da hayaƙi ba. Su ma ma'aikata ina roƙonsu, in mutum irina ya ce ya gane, su ce ya maimaita.

Sai da ruwa ya janye aka fara shukar rani na iya buɗe baki. Da hantsi ne, yara sun fita, Talatu na zaune a inuwar rumfa tana tsintar shinkafa. Har lokacin in ta yi magana mai tsawo sai ta tsaya ta huta. Na tsuguna a gabanta kamar mai neman gafara wajen uwa, na faɗa mata duka, tun daga Turancin da ban ji ba har maɓallin da na danna. Ba ta ɗago ba, hannunta na cikin faifai.

Da na gama ta ce, "Na sani, Malam."

"Sista ce ta gaya miki?"

"Ba wanda ya gaya mini. Idona biyu. Ina jin ka kana karanta wa Gwaggo. Ina ta ce maka ka mayar, bakina ne ya ƙi fitar da sauti. Na ɗaga hannu in mayar da kaina, ka danne."

Na ce, "Duk watannin nan, me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa wa wa? Yaya Sale? Ya raba ni da uban 'ya'yana?" Ta huta, ta jefar da wata tsakuwa. "Na ga fuskarka ranar. Murna kake yi. Da mugunta ce da na san abin da zan yi da kai. To murna kake yi, ka ɗauka ceto na kake. Na rasa inda zan ajiye wannan. Sai na ce bari in ga ko za ka faɗa da bakinka."

Na ce, "Ki yafe mini."

Ta daɗe tana juya shinkafar.

"Nawa na yafe tun a asibiti," ta ce. "Na yaron ba a hannuna yake ba."

Wanda ya karanta wannan, in ya ɗaga hannu yana addu'a, ya sa Talatu, ya sa Sista Rifkatu da likitan nan duk inda suke. In da saura, ya sa ni.